Purple House: Wurin Wankin Ƙodar da Mutanen Hamada Suka Kafa da Kuɗin Zane

Idan mai ciwon ƙoda daga ƙauyukan hamadar tsakiyar Ostiraliya ya tambaye ni inda za a kula da shi yadda ya kamata, ba na dogon tunani, Purple House nake ce masa. Ni nas ce, wankin ƙoda ne aikina, kuma yawancin waɗanda nake ɗorawa a kan inji Aborijin ne, 'yan asalin ƙasar. Ba a Purple House nake aiki ba, ba kuma su suka sa ni wannan rubutu ba. Marasa lafiya ne suka haɗa mu. Wanda na sa wa allura ranar Litinin, Talata can zai yini. Wadda ta ɓace daga jadawalinmu wata guda, in ka bincika, su ne suka kai ta garinsu. Ta haka na san gidan, na shiga na zauna, har na je ɗaya daga cikin rassansu na daji na ga yadda ake aiki.

Gidan yana kan titin Flynn Drive a Alice Springs, babban garin tsakiyar Ostiraliya, cikin unguwa, a jere da gidajen mutane. Ba don fentinsa na shunayya ba, sai ka wuce shi ba ka sani ba. Hayaƙin itace ne ke fara tarbarka. A tsakar gida akwai murhu, ana gasa jelar kangaru a garwashi, kaji na kai-kawo tsakanin ƙafafun mutane, tsofaffin mata sun baje a inuwa da kofunan shayi, wata na zane, wata na gyangyaɗi. Akwai wurin wanka, akwai injin wankin tufafi, akwai kicin. A nan mutum zai ga likita, a duba masa ƙafa saboda ciwon suga, a taya shi cike takardun tallafin gwamnati ko na neman gida. Injinan wankin ƙoda suna ciki, a ɗaki mai tsabta kamar na kowane asibiti, da matatarsu da ma'auninsu da duk ƙa'idojin hana kamuwa da cuta. Na duba wannan ɓangaren da idon ma'aikaciya, ban ga inda aka yi sakaci ba. Bambancin kawai shi ne injin bai cinye wurin ba. Mutum na shigowa ana gaishe shi da sunan zuriyarsa, Napaltjarri ko Tjapaltjarri ko Nungarrayi, kafin a tambaye shi nauyinsa.

Wanda bai san ciwon ba zai ce mene ne haɗin kaji da murhu da magani. Idan ƙoda ta daina aiki, sau uku a mako mutum zai zauna a kujera, awa huɗu zuwa biyar, jininsa na fita ta allura ɗaya, ya bi ta matata, ya koma ta ɗayar. Babu hutu, babu sallama, sai ranar da aka samu ƙodar dasawa ko ranar da rai ya yi halinsa. In ya tsallake zama biyu, ruwa ya taru a huhu, numfashi ya gagara, sinadarin fotashiyam ya hau har ya iya tsayar da zuciya. To ga mutumin Kintore, garin da ke da nisan kilomita 500 da ɗoriya yamma da Alice Springs, kan hanyar da yawancinta ba kwalta, wannan jadawalin ƙaura ce. Kuma Alice Springs ƙasar ƙabilar Arrernte ce. Dattijon ƙabilar Pintupi ko Warlpiri da aka kawo nan baƙo ne a ƙasar wasu, dole ya kama bakinsa, ba shi da ta cewa kan wuri ko al'ada. Ya baro jikoki, ya baro wuraren da kakanninsa suka ɗora masa alhakin kiyayewa, ya baro waƙoƙin ƙasa da ba a rera su sai yana nan. Sau da yawa iyali su biyo shi, yara su bar makaranta, a cunkushe a masaukin marasa lafiya ko a gidajen dangi na gefen gari da dama cike suke. Na sha ganin mutumin da a garinsu ba a yanke magana sai an jira shi, yana zaune a baranda shi kaɗai da lamba ɗaure a wuyan hannu.

Abin ya fi yi wa Pintupi ciwo saboda tarihinsu. A shekarun 1950 da 1960 an kwaso da yawansu daga hamada zuwa matsugunan gwamnati irin su Papunya, inda mutane da dama suka mutu. Da ƙyar suka samu komawa yamma, suka kafa Kintore a 1981, bayan 'yan shekaru kuma Kiwirrkurra, can cikin jihar Yammacin Ostiraliya. Ba su gama zama ba, ciwon ƙoda ya fara ɗauke musu dattawa ɗaya bayan ɗaya yana mai da su gabas. Da suka nemi a kawo injin garinsu, amsar da suka samu ita ce ba zai yiwu ba: wuri ya yi nisa, kuɗi sun yi yawa, ba nas ɗin da za ta zauna. Sai suka koma ga abin da ke hannunsu. Mazan Kintore da matansu, mazan Kiwirrkurra da matansu, masu zane a ƙarƙashin kamfaninsu na Papunya Tula, suka haɗu suka yi manyan zane guda huɗu. A ƙarshen shekarar 2000 aka yi gwanjonsu tare da wasu zanen da aka ba da kyauta, a babban gidan zane-zane na jihar New South Wales da ke Sidni, aka tara sama da dalar Ostiraliya miliyan ɗaya. A 2004 inji ya fara aiki a Kintore.

Wannan asali ne ya sa wurin ya bambanta har yau. Ƙungiyar mallakar mutanen ce. Daraktocinta Aborijin ne daga garuruwan hamada, kuma da wuya ka samu wanda ciwon bai taɓa gidansa ba a cikinsu. Sarah Brown, nas ɗin da ta ja ragamar aikin shekaru da dama tun farkonsa, su suka ɗauke ta, gare su take kai rahoto. A asibiti mara lafiya roƙo yake yi. A nan in tsohuwa ta ce abu kaza bai yi ba, ƙila ɗanta ko ƙanenta na cikin masu zama a teburin da ake yanke hukunci. Ina ganin tasirin haka a yadda mutane ke shigowa, kansu a ɗage, suna tsokanar ma'aikata, suna aika su.

Rassan daji yanzu sun haura 15, sun ratsa Yankin Arewa na Ostiraliya (Northern Territory), Yammacin Ostiraliya da Kudancin Ostiraliya: Yuendumu, Ntaria, Lajamanu, Papunya, Warburton, Kiwirrkurra, har Yirrkala a bakin teku, da Pukatja wadda aka buɗe a 2019. Wanda na je ƙaramin gini ne kusa da asibitin garin, kujeru kaɗan, ɗakin tace ruwa a baya yana ƙugi, nas tana zaune a garin tare da mutane. Wata tsohuwa da na sani a gari, wadda kullum take rufe kai da bargo ta juya wa kowa baya har a gama, na same ta can tana ba jikarta umarni daga kan kujera, da ƙarfi, da harshenta. Da ta gan ni ta kira ni 'yarta, ta ce in zo in ga inda aka haife ta. An cire mata allura, ta huta kaɗan, da yamma suka fita daji da mata neman guza da tururuwar zuma. Injin iri ɗaya ne da namu, awannin iri ɗaya, maganin hana daskarewar jini iri ɗaya, amma ba matar da na sani a gari ba ce.

Ba ganin idona kaɗai ba ne. Binciken cibiyar nazarin lafiya ta Menzies da ke Darwin, babban birnin yankin, kan tsare-tsaren wankin ƙoda a Yankin Arewa ya nuna mutanen ƙauye da aka kawo birni sun fi tsallake zama, sun fi kwanciya asibiti, waɗanda ake yi wa a garuruwansu kuwa zuwansu ya fi, kwanciyarsu ta ragu. Gaskiya ne waɗanda jikinsu ya fi daidaita ake turawa daji, don haka ba dukkan bambancin za a jingina ga wuri ba. Amma na san mutane da dama kafin su tafi da bayan sun dawo, kuma sakamakon jininsu na gabana.

Yanzu a takardun hukuma ko'ina ana maganar kulawar da ba ta tauye al'adar mara lafiya ba. Irihapeti Ramsden, wata nas 'yar ƙabilar Maori a Niyu Zilan, ita ta kafa tunanin a ƙarshen shekarun 1980, kuma abin da ta tsaya a kai shi ne mara lafiya ne ke da ikon cewa an mutunta shi ko ba a yi ba, ma'aikaci ba ya ba kansa wannan shaida. Wurare da yawa sun liƙa zanen ɗige-ɗige a bango, sun tura ma'aikata kwas na yini ɗaya, shi ke nan. A Purple House a cikin jadawali ake ganin abin. A al'adar hamada akwai surukai da ba sa zama ɗaki ɗaya, ba sa haɗa ido, ba sa kiran sunan juna, musamman namiji da uwar matarsa. In ka jera su a kujeru biyu, ɗaya zai daina zuwa, kuma ba zai taɓa faɗa maka dalili ba. Can ana sanin wa ke surukin wa kafin a rubuta jadawali. In an yi rasuwa, ba a sake kiran sunan mamacin, duk mai suna irin nasa sai a koma kiransa Kumanjayi ko makamancinsa, kuma ma'aikata na kiyaye wannan ko da takarda ta ce wani abu daban. Zaman makoki wajibi ne da zai iya ɗaukar makonni. Maimakon a tsaya ana yi wa mutum wa'azin illar tsallake wanki, sai a nemi yadda za a wanke shi kafin ya tafi, ko a sama masa kujera kusa da inda ake makokin. Akwai maganar maza da ba a yi gaban mata, da ta mata da ba a yi gaban maza. Ngangkari, masu maganin gargajiya, ba a kore su ba. Har man shafawa suke haɗawa daga ganyen irmangka-irmangka, suna sayarwa da sunan Bush Balm, marasa lafiya kuma na shafawa saboda ƙaiƙayi da bushewar fata da ciwon gaɓɓai da ke damun masu wanki. Ba zan ce yana warkar da ƙoda ba, su ma ba su ce ba. Amma ƙanshinsa na gida ne a wajensu, kuma fatar na yin laushi.

A wata cibiya da na taɓa aiki, akwai kalma ɗaya da ake saurin rubutawa a fayil: ba ya bin ƙa'ida. Wani dattijo ya tafi binne ɗan'uwansa, ya rasa zama uku, aka dawo da shi ta ɗakin gaggawa da ruwa a ƙirji, aka rubuta masa ita. Babu wanda ya kira tafinta, alhali Turanci harshensa na huɗu ne. Ana yi masa bayani yana gyaɗa kai, don a wajensu musa wa mutum a fuska rashin ladabi ne, aka ɗauka ya gane ya ƙi. Wannan layi ɗaya ya bi shi shekaru. Kowane sabon likita da shi yake fara cin karo. Ina kawo wannan ne saboda a nan maganar al'ada take haɗuwa da maganar dashen ƙoda, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci.

Kafin in shiga dashen, akwai motarsu. Babbar mota ce mai kujerun wanki biyu, an lulluɓe jikinta da zanen Papunya Tula, tana kan hanya tun wajen 2012. Takan je garin da ba shi da reshe ta zauna wasu makonni, mutane su samu halartar biki ko makoki, ko su kwana ƙarƙashin sararin garinsu ko da sau ɗaya kafin ƙarfi ya ƙare. Ta fannin kuɗi kuma, shekara da shekaru da gwanjo da gudummawa da tallafin wucin gadi aikin ya rayu. Sai a Nuwamba 2018 gwamnatin tarayya ta sa wankin ƙoda na wurare masu nisa sosai cikin abin da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ke biya, kusan dala 600 kowane zama a lokacin. Wannan ya ba rassan ƙafar tsayawa. A 2022 kuma aka ware dala miliyan 73.2 domin inganta kula da ƙodar 'yan asalin ƙasa, ciki har da gina sababbin rassa har 30 masu kujeru huɗu-huɗu.

Duk da haka kujeru ba su kai yawan masu so ba. Reshe mai kujera biyu ko huɗu ba zai ɗauki duk 'yan garin da ke wanki ba, don haka a wurare da dama karɓa-karɓa ake yi, wannan ya je ya yi wasu makonni, ya dawo, wancan ya tafi. Wanda zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ko jininsa ke faɗuwa a kan inji, ko jijiyar da aka haɗa masa a hannu ke yawan toshewa, likita ba zai sa hannu ya tafi inda jirgin ceto ne kawai mafita ba. Zama ɗaya na shan ɗaruruwan litocin ruwa, ga shi a wasu garuruwan ruwan rijiyar burtsatse ya yi kaɗan ko gishirinsa ya yi yawa. Nas-nas masu ƙwarewar wanki kuma ƙasar gaba ɗaya na ƙarancinsu. Ban ɗora ko ɗaya cikin waɗannan a wuyan gidan ba, amma mai shirin dogara da shi ya kamata ya sani.

To dashe. Duk kyawun kujerar da ke garinku, kujera ce, kuma wanki na yin kaɗan ne daga aikin da ƙoda mai lafiya ke yi dare da rana. Ga wanda ya cancanta, dashe ya fi tsawaita rai, ya fi sakin mutum. A nan alƙaluman ba su da daɗin ji. Rahoton ƙungiyar likitocin dashe ta Ostiraliya da Niyu Zilan na 2019 ya nuna a ƙarshen 2017, cikin 'yan asalin ƙasa da ƙodarsu ta gaza suke karɓar magani, kashi 13 cikin ɗari ne ke rayuwa da dasasshiyar ƙoda, sauran kashi 87 na kan inji. A sauran 'yan ƙasa kuwa kashi 51 ne aka yi wa dashe. Wani bincike da aka buga a mujallar likitancin Ostiraliya a 2018, da alƙaluman ANZDATA, rajistar masu wankin ƙoda da dashe, ya gano inda babban giɓin yake: wajen shiga jerin masu jira. Ko da an yi la'akari da shekaru da sauran cututtuka, Aborijin ya fi wahalar ganin sunansa a jerin. Tun kafin nan binciken IMPAKT, wanda Farfesa Alan Cass ke cikin jagororinsa, ya nuna yadda zaton cewa mutum ba zai kiyaye shan magani ba ke tasiri a hukuncin likitoci. Ka tuna dattijon da ya tafi binne ɗan'uwansa.

Shiga jerin kansa doguwar tafiya ce. Sai an duba zuciya, wani lokaci har da zura bututu a jijiyoyinta. Sai an gyara haƙora, don ruɓaɓɓen haƙori kan zama masifa bayan an danne garkuwar jiki. Sai an yi gwajin ciwon daji na mama da na mahaifa da na hanji, gwajin tarin fuka, ciwon hanta nau'in B, wata tsutsar ciki da ke ɓoyewa a jiki shekaru, da ƙwayar HTLV-1 da ta yawaita a tsakiyar ƙasar. Sai nauyi ya sauka in ya yi yawa. Kowane gwaji da ranarsa da layinsa, ga shi kwana uku na mako inji ya riga ya cinye. Gwajin kuma na tsufa: kafin a samu ganin likitan haƙori, na zuciya ya wuce wa'adi, a koma farko. Na ga mutanen da suka shekara biyu suna wannan zagaye ba wanda ya zaunar da su ya ce ga abin da ya rage.

Sannan a Yankin Arewa ba a yin aikin dashen. Adelaide ake zuwa, kusan kilomita 1,500 kudu da Alice Springs. In ƙoda ta samu, waya kan zo ko da tsakar dare, kuma awanni ƙalilan ne tsakaninka da teburin tiyata. Wanda ke Kiwirrkurra a ranar, sai ya fara isowa Alice Springs tukuna. Wannan na sa mai jira cikin tsaka mai wuya, ya koma gida ya ji daɗin ransa, ko ya zauna kusa da filin jirgi. Bayan aiki zai yi makonni a Adelaide, birnin da ba ya jin harshensa, mai sanyi, dole da mai rakiya da zai bar nasa iyalin. Akwai kuma matsalar dacewar jini da tsoka: yawancin masu ba da gaɓoɓi bayan mutuwa ba Aborijin ba ne, nau'in tsokarsu ya bambanta, kuma matan da suka yi haihuwa da yawa ko waɗanda aka sha yi wa ƙarin jini, jikinsu kan riga ya shirya yaƙar baƙuwar ƙoda. Ɗan'uwa ya ba da tasa kuwa ba kasafai yake yiwuwa ba, don shi ma sau da yawa yana da suga ko alamar ciwon. Bayan dashe, magungunan danne garkuwa na buɗe ƙofa ga cututtuka, kuma gidan da mutum goma sha biyar ke kwana, famfo ya lalace, ƙazuwa na yawo, haɗari ne na gaske. Likitan da ke tsoron wannan ba ƙarya yake ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da lalataccen famfo hujjar hana mutum ƙoda, maimakon hujjar gyara famfon.

An fara motsi. A 2019 aka kafa kwamitin ƙasa kan dashen ƙoda ga 'yan asali, NIKTT, bayan Ken Wyatt, ministan lafiyar 'yan asali na lokacin, ya sa an binciki lamarin. Farfesa Stephen McDonald ya shugabance shi tare da Farfesa Jaquelyne Hughes, 'yar tsibiran mashigin Torres, likitar ƙoda ta farko daga cikin 'yan asalin ƙasar. Sun gwada kai likitocin tantancewa yankunan Kimberley da Pilbara na Yammacin Ostiraliya maimakon a jira marasa lafiya su sauko Perth, babban birnin jihar, sun kuma tallafa wa tsarin 'yan rakiya, wato mutanen da su kansu suka yi wanki ko aka yi musu dashe, su riƙa bin sababbi suna yi musu bayani. A 2022 ƙa'idojin kula da ƙodar 'yan asali na CARI, masu tsara wa likitocin ƙoda ƙa'idojin aiki, suka fito, bayan an zagaya an saurari marasa lafiya da iyalansu, kuma suka ambaci wariyar launin fata da ke cikin tsarin asibitoci da sunanta, abin da ban taɓa tsammanin gani a takardar likitoci ba. Sun kuma ce a fara duba ƙodar 'yan asali tun daga shekara 18, don ciwon na farawa da wuri: jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, yaron da ƙurajen fata suka kai wa ƙwayar cuta har ƙoda, matashin da suga ya kama kafin ya kai talatin.

A wannan fage ma Purple House na da hannu, kuma shi ne ɓangaren aikinsu da nake so ya fi girma. Reshensu na Darwin, Panuku, na da irin waɗannan 'yan rakiya masu taya mutane farautar dashe. Na ga abin da mutum ɗaya irin wannan ke iya yi. Ni in na ce wa tsohuwa dashe na da amfani, ta ji maganar nas. In mace irinta ta ɗaga riga ta nuna mata tabon, ta gaya mata da harshensu yadda Adelaide take, yadda ake ji in an farka, abin da ita ta yi da tsoron ɗaukar gaɓar mamacin da ba ta sani ba a cikin jikinta, sai tambayoyin gaske su fito. Wasu bayan sun ji komai sukan ce ba sa so, kuma wannan haƙƙinsu ne. Aƙalla su suka ce. Abin da nake fata shi ne duk reshen daji ya zama wurin da ake fara tantancewar: a ɗebi jinin gwaji yayin da mutum ke kan kujera, likitan haƙori da mai hoton zuciya su biyo hanyar da motar ke bi, a riƙe takarda ɗaya da ke nuna abin da aka yi da abin da ya rage. Amincewar da ake buƙata domin wannan suna da ita, abin da babu shi ne isassun ma'aikata da kuɗin da ba na gwaji ba.

Ga 'yan'uwana nas-nas da ke tambayata ko su nemi aiki a rassan daji: in kina da ƙwarewar wanki sosai, kina iya tsayawa ke kaɗai ki gano abin da ke damun injin ruwa, kina iya tuƙa mota a yashi, ki nema. Amma ki je da niyyar daɗewa. Mutanen sun gaji da koya wa sabuwar fuska wane ne surukin wane duk bayan wata uku, kuma jijiyar hannun mai wanki ta fi lafiya a hannun wanda ya saba da ita.

Ga iyalan da ke da mara lafiya kuma, ku je gidan tun ranar da aka ce ƙoda ta fara rauni, kada ku jira sai an ɗora shi a inji. Ku sa sunansa cikin masu son komawa gida. Ranar ganin likitan ƙoda ku nemi tafinta, Yankin Arewa na da hukumar tafintocin harsunan Aborijin, kuma ba a kanku kuɗin yake ba. Ku tafi da ɗaya daga cikin 'yan rakiyar in akwai. Ku tambayi likita kai tsaye ko an tantance shi domin dashe, in ba a yi ba mene ne dalili, in an fara wane gwaji ne ya rage da ranar da za a yi shi. Ku ce a rubuta muku amsar, ku riƙe takardar, ku dawo da ita a zama na gaba.